Me Google ya sani game da Galadi?

Duk wanda ya ɗauki waya ya rubuta "Zurmi" ko "Shinkafi" a injin bincike, abin da zai fara cin karo da shi labarin hari ne, sai na garkuwa da mutane, sai rahoton ƙungiyar likitoci ta MSF kan yara masu tamowa a asibitocin garuruwan biyu na arewacin Zamfara. Injin bai yi ƙarya ba, duk sun faru. Amma a tambaye shi farashin albasa a kasuwar Shinkafi, ko mai gyaran injin ban-ruwa a Ƙaura Namoda, nan take zai fara inda-inda, ya kwaso shafukan Legas da Abuja. Galadi kuwa, da ƙyar ake samun abin da ya wuce sunanta a jerin mazaɓu da labaran tsaro.

Matasan da suka san kan kwamfuta, irin waɗanda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda take yayewa tun bayan kafa ta a 1983, sukan yi musu kan wane injin ya fi: Google, Bing ko DuckDuckGo. Musun yana da daɗi, sai dai ga yawancin mutanen yankin an riga an yi musu zaɓi tun a shagon mai sayar da waya. Tecno ce, itel ce ko Infinix, Google ne ke zaune a fuskarta, kuma ko Opera Mini mutum ya buɗe don tattalin data, a hannun Google zai faɗa. Wannan ba haka kawai ya faru ba. A shari'ar da wata kotun tarayya ta Amurka ta yanke a watan Agusta na 2024, inda ta ce kamfanin ya yi kaka-gida a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba, an bayyana cewa a 2021 kaɗai ya biya sama da dala biliyan 26 don ya zama injin da ake tararwa a wayoyi da manhajojin shiga intanet. A Najeriya fiye da tara cikin goma na bincike ta kansa ake yi.

Duk da haka sauran ba su zama tarkace ba. Bing, wanda Microsoft ya fitar a 2009, yana da rumbun shafukansa na kansa, don haka ɗalibin da bai gamsu da amsar Google ba yana da inda zai leƙa. DuckDuckGo, wanda aka kafa a 2008, ba ya ajiye tarihin abin da mutum ya bincika, kodayake yawancin sakamakonsa daga Bing yake arowa. Mai bincike da Hausa kuwa, duk injin da ya hau, kusan gida ɗaya za a sauke shi: BBC Hausa, Aminiya, DW, RFI, Muryar Amurka, sai Wikipedia ta Hausa. Yana da kyau ya gwada kalma da lanƙwasa, ya sake gwada ta babu lanƙwasa, domin marubuta da yawa ba sa saka ƙ da ɗ da ɓ. Taƙaitacciyar amsar nan da ƙirƙirarriyar basira ke ɗorawa a saman shafi ma, kada a haɗiye ta sai an duba inda ta samo.

Inda gizo ke saƙar ba a zaɓen inji yake ba. Injin bincike ba ya zuwa kasuwa. Wasu ƙananan manhajoji yake turawa su bi shafukan da ke buɗe ga kowa, su karanta rubutun da ke ciki, su adana. Abin da ba a rubuta a buɗaɗɗen shafi ba, a wurinsa babu shi. To, cinikin arewacin Zamfara a ina yake gudana? A saƙon murya na WhatsApp, a zauren dillalan hatsi, a hoton buhunan wake da aka ɗora yau ya ɓace gobe. Dillalin shanu a Shinkafi ya san farashin wannan mako fiye da kowane ɗan jarida, amma iliminsa yana kulle inda Google ba ya shiga. Jaridu su ne ke rubutu a fili, su kuma ba sa waiwayar Zurmi sai an yi ɓarna. Shi ya sa hoton yankin ya karkata gefe guda.

Wanda ke son a same shi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Saka shago ko makaranta a taswirar Google kyauta ne. Ƙaramin shafi mai adireshin .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsa, ya isa, in dai an rubuta abin da ake sayarwa da haruffa, ba a hoton talla kawai ba, kuma da kalmomin da mai saye zai rubuta da yatsansa. A cika sunan gari: "Ƙaura Namoda, Zamfara", saboda akwai wata Kaura a kudancin Kaduna. Shafin ya zama mara nauyi, don mai ƙaramar waya da sabis ɗin da ke zuwa yana ɗaukewa. Su kuwa masu alkawarin kai mutum shafin farko cikin mako guda in ya biya, Google da kansa ya sha faɗa cewa babu mai iya ba da wannan tabbaci.

Kada kuma a raina TikTok da Facebook. A 2022 wani babban jami'in Google, Prabhakar Raghavan, ya ce kusan kashi 40 cikin 100 na matasan da suka yi nazari a kansu, in suna neman wurin cin abinci, TikTok ko Instagram suke buɗewa. Telan Ƙaura da ke sa bidiyon ɗinkinsa ya riga ya gane wannan, abin da ya rage masa shi ne ya rubuta sunan gari da sana'a a ƙarƙashin bidiyon.

Akwai wani abu da littattafan koyar da talla a intanet ba su san da shi ba. A yankin da ake sace mutane don kuɗin fansa, ɗan kasuwa ya wallafa lambarsa, hoton rumbunsa da wurin da yake a taswira, wannan ba talla kaɗai ba ne, nuni ne. Ɓoyewar da wasu attajirai ke yi ba duhun kai ba ce. Saboda haka aikin ya fi dacewa da ƙungiyoyi: ta 'yan kasuwar hatsi, ta masu albasa, makarantu, ofisoshin ƙananan hukumomi. Su wallafa ranar cin kasuwa, irin kayan da ake samu, farashin mako da lambar ofis, ba tare da nuna gidan kowa ba.

Abin da ya faru a watan Satumba na 2021 ya ƙara nauyin wannan magana. Lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a Zamfara, a zamanin Gwamna Bello Matawalle, duk cinikin da ya rataya a WhatsApp ya yi tsit na tsawon makonni. Shafin da ke ajiye a wata na'ura a wajen jihar ba ya mutuwa don an kashe turakun sabis; mai saye a Kano ko Maradi zai ci gaba da ganinsa.

Ɗaliban kwamfuta na kwalejin Ƙaura suna neman batun aikin kammala karatu kowace shekara. Sanya kasuwanni, asibitoci da makarantun Galadi, Zurmi da Shinkafi a taswira, da rubuta tarihin garuruwan a Wikipedia ta Hausa tare da madogara, aiki ne da malamansu za su iya ba su maki a kansa tun wannan zangon.