Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Abin takaici ne a ce ɗan Hausawa ya shekara huɗu yana koyon zane a jami'a, ya haddace sunayen gwanayen Italiya da Faransa, amma a tambaye shi wane ne Muhammadu Durugu ya yi zuru. Alhali kuwa wannan Babban Gwani shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, wajejen 1840, da tubali da azara, ya ɗora rufinsa bisa bakan gizo, ba ƙarfe ba siminti.

Masu kare wannan sakaci sukan ce wai Musulunci ya hana sura, saboda haka ba shi da abin da zai ba ajin zane. Wannan magana ba ta da tushe balle makama. Kauce wa surar mai rai a masallaci da Alƙur'ani shi ya juyar da basirar Musulmi ga harafi da ganye da lissafin da'ira. Ibn Muƙla na Bagadaza, wanda ya rasu a 940, da ɗigon alƙalami ya auna tsawon kowane harafi. Mu ma nan gida mun gaji rabonmu: ga allon zayyana na ranar sauka, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga dagi a goshin soro. Ba kuma ado kaɗai suke koyarwa ba, har da haƙuri da kyautata aiki da ladabi ga gwani, halayen da babu makarantar da za ta ce ta wadatu da su.

Mu dubi maƙwabtanmu mana. Tun shekarun 1970 Uche Okeke ya mayar da uli, zanen matan Ibo, ginshiƙin koyarwa a Nsukka, masu zanen da suka fito daga Ife kuma suka kafa tafarkin Ona a 1989. Sun tsaya kan nasu, duniya ta san da su. Mu me muke jira?

Ba mu ce a kori fasahar Turai ba. Cewa muka yi a fara da alƙalamin kara da tawada, a kuma gayyato magina da marubuta da maɗinka su koyar a aji, a biya su haƙƙinsu, tun kafin ƙasa ta rufe idon na ƙarshensu. Allah Ya sa mu farga.