Kafin a Wanke Gawa: Aikin Mai Binciken Mutuwa da Abin da Ya Wajaba Ya Sani



Ranar 9 ga Disamba, 2004, kwana biyu bayan babban zaɓen wannan shekara, Alhaji Issa Mobila, shugaban jam'iyyar CPP na Jihar Arewa, ya rasu a hannun soja a barikin Kamina, nan Tamale. Da ƙafarsa ya kai kansa wurin ƴan sanda da ya ji ana nemansa bisa zargin bai wa samari bindigogi, su kuma suka miƙa shi ga soja. Ba a yanke hukunci ba sai a 2013, lokacin da wata babbar kotu a Accra ta ɗaure soja biyu, ɗaya shekara 10, ɗayan kuma shekara 20 a bayan idonsa, don ya riga ya tsere. A tsawon irin wannan lokaci mai shaida yakan manta, yakan ji tsoro, yakan ma mutu. Abin da bai sauya ba shi ne rahoton likitan da ya binciki gawar: haƙarƙari sun karye, huhun hagu ya tsuke ya daina ɗaukar iska, ga ƙujewa mai yawa a jiki. Da an yi masa wanka an sallace shi an kai shi makwanci kafin la'asar, kamar yadda muka saba, da wannan takarda ba ta samu ba.

Dokar da ke tafiyar da wannan aiki a Ghana tsohuwa ce, Doka ta 18 ta shekarar 1960. A ƙarƙashinta majistare na kowace gunduma shi ne alƙalin binciken mutuwa na gundumarsa, wanda ake kira korona. Kalmar ba ta da haɗi da cutar da ta rufe mana masallatai a 2020. Sunan wani jami'in sarkin Ingila ne tun 1194, mulkin mallaka ya kawo mana shi. Idan mutum ya mutu ta hanyar duka, ko harbi, ko haɗari, ko ba a san sanadin mutuwarsa ba, ko ya mutu a kurkuku ko a tsare, to maganarsa ta koma hannun wannan alƙali, kuma shi ke ba likita umarnin buɗe gawa. A aikace, wanda aka kawo asibiti a mace, ko ya cika kafin ya yi awa 24 a kwance, yawanci nan ake sa shi.

Sai dai majistare ba ya zuwa ɗakin da aka mutu, likita ma yawanci ba ya zuwa. Mai zuwa shi ne ɗan sandan sashen binciken laifuka da aka ba maganar. Shi ne idon alƙali, shi ne kunnen likita. In ya gani da kyau, sun gani. In ya yi sakaci a awannin farko, babu digirin da zai dawo da abin da ya ɓace.

Aikinsa yana farawa da hana taɓa komai. Ya ɗauki hoton gawa a yadda take, ya rubuta lokaci, ya duba ko jiki ya sandare, ya duba inda jini ya kwanta. Bayan zuciya ta tsaya jini yakan gangara zuwa ɓangaren da ke ƙasa ya bar tabo. Idan aka sami mutum a kife amma tabon yana bayansa, to wani ya juya shi ko ya ɗauko shi daga wani wuri. Ya tabbatar da ko wane ne mamacin. Ya tambayi wanda ya gan shi a ƙarshe, kowa shi kaɗai, kafin gida ya haɗa baki a kan labari ɗaya. Ya tattara magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, da katin asibitinsa, da ragowar abincin da ya ci, da tufafin jikinsa. Kowane abu ya sa shi a mazubinsa, ya rubuta wa ya karɓa, yaushe, ya miƙa wa wa, domin lauya a kotu abin da zai fara nema ke nan: inda igiyar ta tsinke. Sannan ya raka gawa mutuware, ya tsaya lokacin da likita ke aiki, ya kai wa alƙali rahoto.

Duk wannan yana tsere da rana. A watan Maris da Afrilu zafin Tamale yakan kai digiri 40, gawa kuwa ba ta jira. Yana kuma tsere da mu. Wankan gawa yana tafiya da abin da ke ƙarƙashin farce, da burbushin harsashi a fata, da alamar abin da ya fito daga baki. Tufafin mamaci muna wankewa mu bayar sadaka. Ɗakin mata sun share shi kafin masu gaisuwa su iso. Babu mai mugun nufi a cikinsu, amma shaida ta tafi.

Na san abin da wani ɗalibi zai ce: an umarce mu da gaggauta jana'iza, kuma an hana karya ƙashin mamaci. Gaskiya ne, ba kuma ƙaramar magana ba ce. Amma shari'ar da ta yi wannan umarni ita ce ba ta yarda jini ya tafi a banza ba. Wanda ya karanta babin jini a Risala ya san ƙasama, rantsuwa hamsin da ake yi idan an sami kisa da alama mai ƙarfi amma babu cikakkun shaidu. Malaman Malikiyya har maganar wanda ke gargara suka ɗauka alama, idan ya ce jinina yana wuyan wane. Mutanen da suka kai nan wajen neman alama ba za su ƙi haƙarƙarin da ya karye ba. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta buɗe gawa don binciken laifi da gano annoba tun 1396 bayan hijira, wato 1976, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta bi bayanta a 1987 da sharuɗɗa: a tsaya gwargwadon bukata, mace likita ta duba mace in akwai ta, a binne duk abin da aka ciro.

Ga kuma abin da ke biyo bayan rashin bincike. Wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe. In ba a bincika ba, ta yaya mai rabon gado zai sani? Magidanci ya mutu a haɗarin babur, dangi suka roƙi a ba su gawa ba takarda, bayan wata shida aka je neman diyyar inshora aka ce ina rahoton ƴan sanda da na likita, marayu suka tashi a tutar babu. Mafi muni, mutuwar da ba a faɗi sanadinta ba, gari ne ke ƙirƙira mata sanadi. Yaro ya mutu da sanƙarau, a ce kishiya ce, ko tsohuwar da ke ƙarshen layi. Mun san hanyar da ke kai mata Gambaga da Kukuo da Gnani. Layi ɗaya daga alƙalamin likita yana iya tsare tsohuwa a ɗakinta.

To wane irin mutum ya dace da wannan aiki? A Amurka sana'a ce mai zaman kanta, akwai hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa, kuma ba a zama jarrabawarta sai mutum ya yi awa 640 yana binciken mutuwa. A wurinmu ɗan sandan da ke bin satar waya da rigimar fili shi ake turawa kan gawa. Ba laifinsa ba ne, amma a ganina kuskure ne na tsari. Yana bukatar sanin jikin ɗan Adam gwargwadon da zai bambanta rauni kafin mutuwa da na bayanta, da sanin dokar shaida, da iya rubutu mai tsabta wanda bai cakuɗa abin da ya gani da abin da aka gaya masa ba. A Tamale yana bukatar Dagbanci da Hausa, ko amintaccen tafinta, domin uwar da ɗanta ya mutu ba za ta yi kuka da Turanci ba. Yana bukatar sanin cewa gidan Musulmi awa suke ƙirgawa, ba kwana ba, don kada ya bar takarda ta kwana a tebur saboda alƙali ya tashi. Sannan amana. Wanda za a iya ba shi na goro ya saki gawa ba bincike, shi ne gobe za a ba shi na goro ya rubuta zazzaɓi a kan wanda aka shaƙe.

Akwai sharaɗi ɗaya da dokar 1960 ba ta warware ba: idan masu kaki ne ake zargi, wa zai bincika? A Yulin 2018 ƴan sanda suka harbe mutum bakwai na Zangon Asawase, Kumasi, a Manso Nkwanta, suka ce ƴan fashi ne. Sai da gwamnati ta kafa kwamiti na daban aka ce babu hujjar hakan, aka dakatar da ƴan sanda 21, aka biya kowane gida sidi 250,000. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Minesota, wadda aka sabunta a 2016, ta shardanta cewa mai binciken irin wannan mutuwa kada ya kasance ƙarƙashin waɗanda ake tuhuma. Kwamitin da sai an yi zanga-zanga ake kafa shi bai cika wannan sharaɗi ba.

Wasu suna kiran a koma ga na'urar hoton jiki maimakon wuƙa, kamar yadda ake yi wa Musulmi da Yahudawa a wasu biranen Ingila. Tana nuna karaya da harsashi da zubar jini, amma ba ta nuna guba, don haka kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba.

Abin da ke hannun limamai da shugabannin Zango ya fi wannan sauƙi. Ƙarfin da muke kashewa wajen kiran ɗan majalisa ya sa baki a saki gawa, a kashe shi wajen neman jami'ai ƙwararru da aka keɓe wa wannan aiki a Tamale, da alƙali da likitan da za a samu ranar Asabar da Lahadi, da kuɗin aiki a rubuce a bango inda kowa zai gani. Masu wankan gawa na kowane masallaci kuma a zaunar da su a koya musu cewa in sun kwaye mayafi suka ga tabo a wuya, ko kumburi a ƙeya, ko rauni da ba a ba su labarinsa ba, su ajiye buta su kira liman, liman ya kira ƴan sanda, a rubuta sunan jami'in da ya zo da lambarsa da lokacin da ya iso.