Tauye mudu a cikin magana

A babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, idan mai hatsi ya bubbuge gindin tiyarsa don ta ci ƙasa da ƙa'ida, sunansa mai tauye mudu, kuma da wuya a sake tsayawa gaban rumfarsa. Akwai irin wannan tauyewa a cikin magana, masu yin ta kuwa a manyan buro na Yamai suke zaune. Kalmomin da suke zubawa ta gidan rediyo sun daɗe da gundurar ɗan kasuwa da ma'aikaci, domin kowace ɗaya tana ɓoye wanda ya aikata abu, tana kuma ɓoye wanda zai biya.

Tun da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, Nijar ta nufi asusun FMI da Bankin Duniya, aka dawo da kalmar "ajistaman", wadda aka fassara da gyaran tattalin arziki. Wane ne zai ƙi gyara? Amma a ƙarƙashinta aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka rufe wasu kamfanonin gwamnati, aka sa wasu a kasuwa. Wanda aka nuna wa ƙofa da ƴan kuɗin sallama, sai aka ce ya yi "tafiyar ganin dama". A shekarun 1990, da albashi ya riƙa yin watanni bai faɗo ba, aka raɗa wa abin suna "ariyere", kamar wata cuta ce da iska ta kawo. A Hausance sunansa bashi: mutum ya yi aiki, an hana shi haƙƙinsa. Bashin kuma bai tsaya kan mushen lakwal shi kaɗai ba, ya gangara kan mai kantin da ya ba shi shinkafa da sukari zuwa ƙarshen wata, da mai gidan da yake haya. Da yajin aiki ya cinye karatun yara, aka kira ta "farar shekara", alhali babu abin da ya fi ta baƙi a gidan talaka.

A watan Janairu na 1994, a birnin Dakar, aka yanke shawarar "debaliwasiyon". Faran guda na Faransa da ake saye dala goma ya koma dala ashirin. Ma'anar ita ce duk wanda ya kwana da jika ɗari a akwati ya wayi gari da rabin ƙarfinta wajen sayen kayan waje, daga maganin asibiti har kayan gyaran mota. Masu jawabi sun yi ta maganar "matakan rakiya". Ɗan canji a bakin tasha ya riga su bayyana gaskiyar lamarin da kalma ɗaya, ya ce sefa ta karye.

Da abin ya tsaya kan dukiya, da da sauƙi. Ranar 9 ga Afrilu 1999 dakarun da ke tsaron shugaba Ibrahim Bare Mainasara suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai, sanarwar firaminista kuwa ta kira abin hatsari. A 2005, lokacin da fari da farin ɗango suka bar rumbuna wayam, uwaye suna jerin gwano da yara a cibiyoyin tamowa na jihar Maraɗi, hukuma ta ƙi yarda a ambaci yunwa, ta zaɓi "matsalar cimaka". Cikin da ba kowa ba ya jin Faransanci, kuma sauya wa yunwa suna bai taɓa cika tukunya ba.

Akwai masu cewa laifin harshen nasara ne, da za a yi mulki da Hausa da an huta. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 1993 kalmar "canji" ce ta kai Mahamane Usmane da ƙawancen AFC kan mulki, ba a jima ba jama'a da kansu suka samo wa rabon muƙaman da ya biyo baya sunan "wasoso". A 2009 "tazarce", Hausa tsantsa, ita ce rigar da aka sa wa rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki da ƙarin shekara 3 ga shugaba Tanja Mamadu, har sojoji suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. A 2025 an ba Hausa matsayin harshen ƙasa, abin alfahari ne, amma mai niyyar tauye mudu ba ya rasa tiya a kowane harshe.

Ba a musun cewa kowace sana'a da kalmominta. Likita da makaniki da ma'aikacin duwan suna da maganganun da sai ɗan gida, kuma suna da amfani, domin in an tambaye su za su nuna abin da yatsa. Wane ne zai nuna "ƙarfafa ƙwarewa" ko "shugabanci nagari" da yatsa? An ga tarurrukan "wayar da kai" da aka yi kwana uku a otel, aka raba "ferdiyam", aka watse, rijiyar ƙauyen da aka taru dominta tana nan a kafe.

Maganin yana hannun masu sauraro. Alhajin da ba ya karɓar buhu sai ya ɗora shi kan sikeli, ya kamata ya yi wa jawabin minista haka. Wakilin sandika da ɗan jarida kuma, duk lokacin da aka jefo sabuwar kalma, su tare ta da tambayoyi uku: wa ya yanke shawarar, jika nawa za ta ci, kuma daga aljihun wa? Mai mulkin da ke da gaskiya zai amsa cikin harshen da tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli za ta fahimta. Wanda ya sake komawa ga dogon Faransanci ko Hausa mai zaƙi, to, a duba gindin tiyarsa.