Keke a Libreville ta ciki yake mutuwa

Ruwa ya kankama, don haka yau maganar keke za mu yi, musamman da masu saro na hannu daga kwantena, da iyayen da ke saya wa yara.

Mu mun taso da sanin cewa keke ba ya mutuwa. Raleigh ko Phoenix ɗin da uba ya hau zuwa gona, ɗa ya gada, a sauya taya da sarƙa a ci gaba. Ƙarfen yana da kyau, gaskiya ne, amma ƙasar ce ta taimake shi. A Maraɗi ruwan shekara wajen milimita 500 ne, wata huɗu an gama, hunturu ya zo ya busar da kome. Nan Libreville ana samun kusan milimita 3,000, tun daga Oktoba har Mayu ana zubawa, kuma ko a ranin nan nasu na Yuni zuwa Satumba iska ba ta rabuwa da laima. Mu na Oloumi kuwa ga bakin ruwa nan kusa, iskar da gishirinta take isowa. Ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, tsatsa ke nan, gishiri kuma shi ne mai zuga ta.

Tsatsar waje ba ta dame ni ba, ido na ganinta. Ta cikin firam nake ji. Gangar jikin keke bututu ne aka harhaɗa, an yi wa bayansa fenti, cikinsa kuwa galibi ƙarfe ne tsirara. Ruwa na bin sandar sirdi ya zirara ciki, taya na baya na watsa masa, sanyin asuba ma na sa bututun ya yi gumi ta ciki. Duk ya gangara ya kwanta a mahaɗar ƙasa, inda feda ke juyawa, da ƙananan bututu biyun da suka tashi daga nan zuwa tayar baya. A kekunan Turai marasa nauyi, kaurin ƙarfen a wasu wuraren bai kai milimita 1 ba. To me tsatsa za ta daɗe tana ci? Aikin gara ne da azara: waje lafiya lau, sai ranar da yaro ya sauko gangara ya taka birki.

Kada kuma a ce tunda kaya daga Faransa ko Beljiyam ya sauka Owendo, ai lafiyayye ne. Can gishiri suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara, wani keken da ciwonsa ya shiga kwantena, laimar nan ta ƙarasa shi.

Kafin ka biya kuɗi, manna masa maganaɗisu. In bai kama ba galibi alminiyum ne, wannan maganar ba tasa ba ce. In ya kama, kwance sirdi ka zare shi da sandarsa, ka haska tocilar waya a ramin. Ɗan jan ƙura-ƙura ba kome ba ne, kusan kowane tsohon keke na da shi, kada ka bar ciniki saboda wannan. Abin gudu shi ne ka ga tana ɓamɓarowa kamar ƙanzo, ko ka jijjiga keken ka ji abu na kwaranya a ciki kamar tsakuwa. Sannan ka kifa shi ka duba ƙarƙashi. Inda fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, danna da bakin ƙusa. In ya lotsa, magana ta ƙare. In kuma sandar sirdi ta ƙi fita sam, wannan ma shaida ce ruwa ya daɗe a ciki. Sabon fenti mai sheƙi a kan tsohon keke kuwa, ni ƙara min shakka yake yi.

Rigakafin ba tsada. Duk ranar da ruwa ya yi wa keke duka, a zare sirdi a kifa shi ya kwana a haka. Za ka yi mamakin abin da zai zubo. A shafa wa sandar giris kafin a mayar. Ƙananan hujojin da ke ƙarshen bututun baya, masu ƙira ne suka yi su don iska ta fita lokacin walda, kuma ta nan laima ke fita. Na sha ganin mutane na toshe su da cingam wai kada ruwa ya shiga. A buɗe su da siririyar waya. In babu huji a ƙarƙashin mahaɗar feda, mai gyara zai iya huda ƙarami. Kada a naɗe keke da leda a tsakar gida, gumi zai yi. A sa shi ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. Yaran da ke kai shi bakin teku, a ɗauraye da ruwan famfo in sun dawo.

Sai mai. A bar firam ya bushe sarai tukuna, don mai a kan ruwa rufe ɓarna ne. A shagunan fenti ku tambayi huile de lin, a zuba cokali biyu ko uku a kowane bututu, a jujjuya keken ya bi ko'ina, a tsiyaye ragowar, a bar shi kwanaki ya daskare. Tsumman da aka goge shi da shi kada a dunƙule a jefa bayan kaya, yana iya kamawa da wuta da kansa. A jiƙa shi da ruwa ko a shanya a fili. In ba a samu ba, sabon man inji ma ya yi, sai dai a maimaita kowace shekara kafin damina. WD-40 korar ruwa yake yi, bai da kaurin da zai daɗe. Man gyaɗan uwargida kuwa a bar mata abinta. A kiyaye kada mai ya taɓa birki.

Wanda tsatsa ta riga ta kama amma ƙarfen na da ƙwari, a kankare iya inda hannu ya kai da burushin waya, a kaɗe, a busar, a zuba mai a ranar. Ruwan batir da wasu ke ɗurawa ƙarfen yake ci tare da tsatsar.

In ya huje fa? Mai walda zai ce ya iya, amma ƙarfen da aka cinye narkewa yake a bakin wuta, in ya kama nan ya tsage a gefe. Huji a fok ko kusa da wuyan keke, ni ba na yarda a hau, balle a ɗora buhu a kariya. Kai kuma mai sayarwa, ka san hukuncin ɓoye aibin kaya, kuma a gurbin da kowa ya san shagon kowa, yaron wani naka ne zai hau. Cire tayoyi da birki da feda da sirdi ka sayar daban, sau da yawa su za su mayar maka da uwar kuɗi. Firam ɗin a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe.