Akawun Da Ba Ya Barci

A ƙarshen shekarar 1990 ne wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ya kafa uwar garke ta farko a yanar gizo, watau kwamfutar da ke ajiye shafuka tana miƙa wa duk mai nema. Ya yi wannan aiki a cibiyar bincike ta CERN, kusa da birnin Janiba na ƙasar Suwizalan.

Aikin uwar garke bai bambanta da na akawun ofis ba. Tana zaune a bakin ƙofa mai lamba 80, dare da rana, tana jiran masu buƙata. Da buƙata ta iso sai ta karanta layin farko, ta gane abin da ake so, sa'an nan ta mayar da amsa. In an dace sai ta ce 200, in ba ta da shafin ta ce 404, in kuwa an nemi a yi wa shafin abin da bai halatta ba ta ce 405.

Da farko kalma ɗaya tak ta sani, watau GET, ma'ana a nuna mini. Ƙa'idojin da aka wallafa a 1996 da 1997 sun tabbatar da waɗansu: POST don miƙa sabon bayani, PUT don sauya abin da ke ajiye, DELETE kuwa don sharewa.

To, a nan ne magina ke tuntuɓe. Ƙa'ida ta ce GET kallo ne kurum, ba ya taɓa kome. Amma waɗansu, saboda gaggawa, sukan ɗora masa aikin sharewa. A cikin 2005 kamfanin Google ya fito da wata manhaja, Web Accelerator, wadda ke buɗe shafuka tun kafin mai karatu ya nema, domin a rage jira. Da ta riƙa bin mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, sai ta faɗa kan irin waɗannan, bayanan mutane suka salwanta alhali ba wanda ya ce a share.

Saboda haka duk ɗalibin da zai gina tasa uwar garken, ya sani 'yan layuka kaɗan sun isa ta fara amsawa, amma amanar da ke wuyansa ita ce ya bar kowace kalma a kan aikinta. Akawun da aka ce ya nuna takarda ya yage ta, ai ba a sake ba shi ajiya.