Idan Lauya Ya Yi Sakaci, Wa Zai Biya Asarar Manomi?

Kamar yadda kowa ya sani, da zarar kaka ta yi, manoma sun kai masara da auduga kasuwannin Funtua da Dandume, sai shari'un da suka kwanta da damina su farka. Daga Funtua zuwa Malumfashi, har Bakori da Kafur da Danja, da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta da ɗan'uwa ko ɗaya da ke jelen kotu a kan gona, ko gado, ko iyaka, ko kuwa filin majami'a. Mutum zai sayar da buhunan masara, wani har da bijimin huɗarsa, ya ɗauki lauya. A yi ta ɗaga shari'a shekara da shekaru, rana ɗaya ya ji an kori ƙararsa saboda lauyan bai zo ba, ko kuwa wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce ba a shigar da takarda ba. Sai ya kaɗa kai ya ce haka Allah Ya so, ya koma gida ba gona ba kuɗi.

Mu a namu ra'ayin, lokaci ya yi da jama'armu za su san cewa dokar ƙasa ba ta ce a bar irin wannan asara a kan mai ƙara shi kaɗai ba. Dokar Lauyoyi ta 1975, a sashe na 9, ta ce lauya ba shi da kariya daga biyan diyyar ɓarnar da sakacinsa ya jawo, kuma duk wata yarjejeniya da ya sa mutum ya rattaba wa hannu don ya kuɓuta daga wannan alhaki, banza ce. Sai dai sashen ya yi togaciya biyu. Lauyan da ya yi aiki kyauta yana iya gindaya sharaɗin cewa ba zai ɗauki alhaki ba. Haka kuma ba a ƙarar lauya a kan yadda ya gudanar da shari'a a gaban alƙali, kamar tambayar da ya yi wa shaida ko wadda ya bari bai yi ba.

Wato ke nan inda mai ƙara ya fi samun ƙarfi shi ne aikin da lauya ya yi, ko ya kasa yi, a ofishinsa. Misali, wanda Babbar Kotu ta yanke wa hukuncin ƙarshe a shari'ar gona yana da wata 3 ne ya kai kukansa Kotun Ɗaukaka Ƙara, in kuwa hukuncin tsakiyar shari'a ne, kwana 14 kacal. Lauyan da ya karɓi kuɗi ya bar wa'adin nan ya wuce, ko aka sa shi ya bincika asalin fili kafin a saya bai bincika ba, ko aka biya diyya ta hannunsa ya riƙe, yana da tambayar da zai amsa.

Kada wani ya ɗauka kuskuren takarda ƙaramin abu ne. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan shi kansa lauyan, ba ta da inganci. A 2012, a shari'ar First Bank da Alhaji Salmanu Maiwada, alƙalai 7 na kotun suka zauna, suka saurari ra'ayin manyan lauyoyi, suka sake tabbatar da wannan hukunci. Shari'u da dama da aka shekara ana yi sun rushe ta wannan hanya, alhali masu su ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Gaskiya ne kotuna sun daɗe suna cewa ba za su hukunta mai ƙara saboda laifin lauyansa ba, kuma sukan ƙara wa'adi in an kawo dalili mai ƙarfi, amma wannan rangwame yana da iyaka.

Wanda aka cuta yana da hanya biyu. Ta farko ita ce ya shigar da ƙarar neman diyya a Babbar Kotu, inda sai ya nuna cewa ya ɗauki lauyan aiki, lauyan ya kasa yin abin da kowane lauya mai kula zai yi, kuma wannan gazawa ce ta jawo masa asara. A nan ya kamata a lura: faɗuwa a shari'a ba ita ce sakaci ba, domin a kowace shari'a dole wani ya faɗi. Hanya ta biyu ita ce kai kuka ga Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi da ke Abuja, wanda ke da ikon gargaɗi, ko dakatar da lauya, ko soke sunansa baki ɗaya, yana kuma iya sa shi ya mayar da kuɗi ko takardun mutane.

Mun san akwai 'yan'uwa da za su ce Manzo Bulus ya gargaɗi Korintiyawa a kan kai juna kotu. Haka ne, shi ya sa muke cewa a fara da samun lauyan ido da ido, in ya ƙi ji a koma da dattawa, domin tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Amma in ya toshe kunne, shirun da muka yi gwauruwar da za ta shiga ofishinsa gobe ce za ta biya kuɗinsa. In kuwa kuɗin ikkilisiya ne, dattawa ba su da ikon yafe shi a ɓoye, gama baikon talakawa ne aka ba su amana.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawa daga cikinmu sukan ɓoye wa lauya gaskiya, ko su ƙi cika masa kuɗi, ko su miƙa masa shari'a su koma gona sai bayan shekara. Rigakafi ya fi magani. A karɓi rasit a kan kowane kwabo da aka biya. A rubuta lambar shari'a da ranar zama, a je kotun da kai, a tambayi magatakarda. A riƙe kwafin kowace takarda a gida, musamman takardar hukunci. Tun 2015 ake manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya mai ɗauke da sunan lauya a kan takardun da ya shirya, saboda haka a duba. Wanda ba shi da hali ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976. In kuma an ga sakaci, kada a yi jinkiri, domin ƙarar lauya ma tana da wa'adi.

A ƙarshe muna kira ga Majalisar Tarayya da ta sake duba kariyar da sashe na 9 ya bar wa lauya a gaban alƙali. Daga Ingila muka gaje ta, inda babbar kotunsu ta tabbatar da ita a 1967, amma su kansu sun soke ta a shekara ta 2000. Muna kuma kira ga lauyoyin Jihar Katsina, waɗanda akasarinsu masu riƙon amana ne, da su buɗe ƙofar karɓar koke da Hausa, kuma kada su guji tsaya wa manomin da abokin aikinsu ya cuta, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. Fastoci da dattawa kuwa, su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani tun kafin a sayar da amfanin gona na bana. Allah Ya ba mu masu riƙon amana.