A fitar da darasin ƙididdiga daga aji

Duk lokacin rubuta furojet, shagunan kwamfuta da ke kewaye da manyan makarantunmu kan cika da ɗalibai masu neman wanda zai yi musu babi na huɗu, wato na nazarin alƙaluma. A biya kuɗi, a zuba alƙaluma a manhajar SPSS, a fito da jadawalin da mai shi ba zai iya bayaninsa ba. Wasu ma a ɗaki suke cike takardun tambayoyin bincikensu da hannunsu.

Laifin ba nasu kaɗai ba ne. A kan allo ake koyar da dabarun bincike, a haddace don jarrabawa, alhali da yawansu gudun lissafi ne ya kai su kimiyyar zamantakewa.

Muna kira ga Jami'ar IBB da ke Lapai da Kwalejin Ilimi ta Minna su kai darasin fili. A tura ɗalibi Kasuwar Kure ta Minna ya bi farashin mudun gero mako-mako, ya ga yadda tambayar rumfunan bakin ƙofa kaɗai ke karkatar da sakamako. Hedkwatar hukumar jarrabawa ta NECO na nan Minna, ga kuma Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Neja. A nemi haɗin gwiwarsu. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, saboda haka Neja na matuƙar buƙatar matasan da suka iya tattara alƙaluma da kansu.